Muryar Ma'aji

Na rasa muryar mijina sau biyu, na sami 'yata sau ɗaya. Cinikin ke nan. Ni Ladidi mai ƙosan bakin titin Anguwan Rogo, ba a taɓa fin ƙarfina a ciniki ba sai a wannan.

Malam Tanimu, Allah ya jiƙansa, shi ne ma'ajin ƙungiyar masu adana tsofaffin takardu a nan Jos. Shekara da shekaru kuɗinsu na hannunsa, amma ko na keke bai taɓa cira ba, da ƙafa yake zuwa taro. Da rufin ɗakin ajiyarsu ya fara yoyo, sai ya kwaso akwatunan takardun wani tsohon kamfanin kuza ya cika min ɗakin baya, wai kafin ƙungiya ta tara na sabon wuri. Kullum gab da magariba sai ya tsaya a ƙofar ɗakin ya yi sallama kamar da mutum a ciki, sannan ya shiga ya buɗe su su sha iska. Dariya nake masa.

Ya rasu ya bar asusunsu cif, ya bar tukunyata wayam. Shugabarsu, Madam Firisila, ta zo ta'aziyya da allon yabo na katako, ta ce za su kwashe akwatunan.

Na ce, "Ku biya ni hayar ɗakina tukuna."

"Maman Ruma, ba ni da iko in taɓa kuɗin sai taro ya yarda. Oga Tanimu ne da kansa ya kafa dokar."

"To a je a yi taron. Allon nan kuwa, albarka."

Taro ya ƙi zama, takardar naɗe ƙosai ta yi tsada. Wata safiya na banka ɗakin ba sallama, na ɗebi rungume guda. Ban san abin da ke rubuce ba. Na dai san takarda ce mai kauri, tana shan mai.

Yammacin ranar gari ya yi lumshi, sanyi ya sauko daga duwatsu. Rumasa'u, 'yata tilo, tana tsintar wake a tsakar gida. Ana kiran salla sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Sai wani. Na leƙa lungu don in zagi 'ya'yan mutane, ba kowa. Da na dawo, Ruma ta daina tsinta, kanta a sunkuye. Ta yi gyaran murya, irin na ubanta sak.

"Ladidi, kin kwashe shanya? Hadari ya haɗo."

Muryar Malam ce. Har da 'yar shaƙewar nan tasa.

Ban gaya wa kowa ba. Sai na koma tashi daga suya da wuri, in shimfiɗa tabarma kusa da ita in jira magariba. Ba ya faɗin wani abin kirki: gishiri ya yi yawa, a rufe taga. Ni kuwa ina amsawa, "To, Malam." Idan abin ya sake ta sai ta zube, ta farka ba ta tuna komai. Tana ramewa, ina cewa sanyi ne. Har wata safiya na kira ta, ta buɗe baki ta amsa, babu abin da ya fito. Tata muryar ta tafi.

Ranar na je Laranto na ɗauko Malam Shu'aibu mai ruƙiyya.

Ya zauna ya yi ta karatu, rana na jan jiki tana faɗuwa. Ruma ta sandare. Da ta yi magana, wata murya ce daban, tsohuwa, kamar daga ƙasan rijiya.

Malam Shu'aibu ya ce, "Kai wane ne?"

"Ajiya ce ni. Cikin takardun nan nake tun suna ofishin kuza. Ma'aji ya riƙe ni da mutunci, yana min sallama. Wannan ta yaga min ɗaki ta zuba masa mai."

"Ka ji tsoron Allah ka fita. Yarinyar ba ta yi maka komai ba."

"Zan fita. Amma a tambayi uwar in tana so." Idanun Ruma suka juyo kaina. "Ki bar min ita magariba kawai. Sauran yinin naki ne, kuma ki ji mijinki kullum."

Malam Shu'aibu ya ce, "Hajiya, ba a ciniki da su."

Amma bakina ya riga ya saba. Na ce, "Ka saki yarinyar, ka bar min muryar a ɗakin baya. Zan share shi, zan yi sallama."

"Murya sai da maƙogwaro."

"To ka ɗauki nawa."

"Naki ba jininsa ba ne."

"Sau ɗaya a shekara fa? Ranar da ya rasu."

"Ko sau ɗaya ne, da nata za ki biya." Sai ya sauya, ya dawo muryar Malam Tanimu, a hankali. "Ladidi, korata za ki yi?"

Na dubi wuyan 'yata, ya zama kamar tsinke, jijiyoyi na rawa. Duk rayuwata ni ke cewa albarka, mai saye ya ƙara. Wannan karon ba wanda zai ƙara komai.

Na ce, "Na sallama muryar. Fita ka bar min 'yata."

Ta yi atishawa, ta zube jikina. Can ta ce, "Mama," da 'yar siririyar muryarta.

Washegari Madam Firisila ta zo da mota. Na gaya mata sharaɗi: duk mai buɗe akwatunan nan ya yi sallama. Ta tsaya a ƙofar ɗakin baya ta ce, "Salama alaikun," ba ta yi dariya ba. Sannan ta riƙo hannuna.

"Taro ya yarda da haya, Maman Ruma. Nawa za mu ba ki?"

"Ku bar wa Malam Tanimu asusunsa yadda ya bar shi," na ce. "An riga an biya ni."

Yanzu in magariba ta yi, kwano shiru, ɗakin baya shiru, ba mai tambayata ko na kwashe shanya. Ruma ce ke kirana in zo mu ci abinci. Farashin da na karɓa ke nan: 'yata, da wannan shirun.