Ƙofofin da Sabiru Ya Raba

Sabiru mai gyaran waya a Tsanyawa ya ƙware wajen ɓoye sawu a intanet. A manhajar da yake amfani da ita, kowane shafinsa ya ware masa ƙofar fita mai lamba daban, don kada a haɗa sunansa na gaskiya da na bogi. Ta ƙofa ta uku ya yaɗa ƙaryar cewa amininsa, Malam Abdulkabir, yana sayar da amsar jarrabawa. Aka kori malamin daga aiki. Tun ranar Sabiru bai ƙara iya haɗa ido da shi ba.

Wata rana bayan magariba, yana komawa ƙauyensu ta cikin gonakin dawa, ya tsaya gindin ɗorawa inda sabis ke kamawa, da niyyar goge shafin da ya yaɗa ƙaryar a ciki. Gyare suka yi tsit. Ƙamshin turaren wuta ya taso, ga shi babu gida kusa.

"Sannu, Sabiru." Wani dattijo ne a tsugune, muryarsa kamar daga cikin rijiya.

"Yauwa, Baba."

"Ka iya raba ƙofofi. Ni dai duk wadda ka bi, ina bayanka. Gogewa za ta mayar wa amininka da ajinsa?"

Idon Sabiru ya ciko. "Gobe zan je in faɗa masa gaskiya."

"Yanzu dai. Mu je in raka ka."

Dattijon ya miƙe, ya yi ta miƙewa har kansa ya shige cikin rassan ɗorawar.