Kalmar Da Stellan Ya Ba Shi

Tun da na ga Majken ta ƙona burodin kirfa har sau biyu na san ranar nan ba za ta wuce lafiya ba. 'Yata ba ta ƙona abu.

"Baba, don Allah kada ka tsare shi da ido. Wata shida yana koyon yarenmu saboda kai."

"Ni na aike shi?"

"Baba..."

Ewan ne zai zo neman aurenta, ɗan Sikotland mai auna itatuwa a dajinmu na Jämtland, nan ƙasar Suwidin. Ni ba na jin Turanci, karatuna a aji tara ya tsaya. Abin da na sani, wata takwas kacal da haɗuwarsu, kuma duk abin da ya tashi da sauri tsoro yake ba ni.

Ya cire takalma a bakin ƙofa, ya zauna, ya zaro takarda. Ya karanto da yarenmu na Suwidin.

"Torsten, son da nake yi wa Majken... skenar."

Kofin kofi ya tsaya a hannuna.

A wurinmu idan farashin mai ya haukace, jarida takan ce skenar. Amma asalin kalmar ta doki ce, wanda ya ƙwace linzami ya zura da gudu har sai ya kifar da abin da yake ja. Haka dokin jan katako ya yi da Gunilla, uwar Majken, shekara goma sha huɗu ke nan. Ba a furta kalmar a gidana.

"Tashi ka fita," na ce.

Majken ta riga shi zuwa ƙofa, ta jingina bayanta da ita.

"Babu inda zai je. Ewan, masoyina, wa ya ba ka kalmar nan?"

"Stellan," ya ce, fuskarsa ta yi ja. "Na tambaye shi yadda ake cewa abu ya ƙaru da sauri..."

Stellan ɗan maƙwabcinmu ne, wanda Majken ta ƙi bara. Yana cikin coci ranar jana'izar Gunilla. Ya san abin da ya yi.

"Munafuki," ta ce a hankali. "To da yarenku me ka so ka ce?"

"Soar."

Ta juyo gare ni.

"Baba, su ma haka suke cewa idan farashi ya yi sama. Amma tasu ta tsuntsu ce, irin gaggafar da ke buɗe fiffike iska ta ɗaga ta."

"Tsuntsu ko doki, duk sauri ne. Wata takwas fa, Majken."

"Kai da Mama wata nawa?"

Biyar ne, kuma ta sani.

"Ba sauri ne ya kashe Mama ba, linzami ne ya tsinke. Nawa yana hannuna. Zan aure shi, Baba. Amma ba na so in waiga a coci in ga kujerarka babu kowa."

Muryarta ba ta yi rawa ba, hawaye ne kawai ke zuba.

Ewan ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya dube ni, ya haɗo abin da ya iya da kansa.

"Ni ba gudu. Ni jira. Shekara ma, jira."

"Yarenka kamar an taka wutsiyar kyanwa," na ce.

"Baba!"

"Zauna, kofinka zai huce. Daga yau in kana neman kalma, ni za ka tambaya."

Aka ɗaura auren tsakiyar watan Yuni, ina layin gaba da kwat ɗin da ya matse ni. Stellan bai zo ba.

Aikin Ewan a dajinmu zai ƙare da kaka. Ko za su zauna nan, ko za ta bi shi hayin teku zuwa Sikotland, har yau ba su faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba.