Masarar da Aka Hana Taki

"Siddiƙ, ka dube ni ka faɗa min gaskiya! Wa ya zuba taki a waɗannan kunyoyin?"

Na'ima ce tsaye a bakin gonar gwaji ta jami'a a Gidan Kwano, bakin hijabinta duk ya jiƙe da raɓa. Yau ne ta fara fitowa tun da zazzaɓin taifod ya kwantar da ita, ko ƙarfin kirki ba ta gama samu ba.

Abubakar Siddiƙ ya sunkuyar da kai yana juya makullin babur a yatsa.

"Ni ne," ya ce a hankali.

"Kai ne?!"

"Na ga sun yi rawaya... sai suka ba ni tausayi."

Sai kawai ta zauna a ƙasa daɓas.

Aikinta na shekarar ƙarshe a sashen noma gwajin taki ne. Ta raba fili kashi-kashi, wani ta zuba masa da yawa, wani kaɗan, wani kuma ta bar shi da gangan babu ko ƙwaya, domin da shi ake auna sauran. Wannan kashin ya kamata ta tarar a tsumbure. Ga shi nan kore shar, ganyen har sheƙi yake, ya fi kowanne kyau. Ba ta taɓa jin ta tsani kyawun shuka ba sai yau.

"Hoto kawai na ce ka ɗauko min! Sau nawa na ce kada ka taɓa komai?"

"Na'imata, ki yi haƙuri..."

"Kada ka ƙara kira na da wannan sunan! Ka san me ka yi? Damina ta yi nisa, ba a sake shuka. Sai baɗi!"

Ya sani kuwa, ya ma fi kowa sani. Tun tana aji biyu yake nemanta, mahaifinta Malam Ayuba ya ce babu zancen aure sai ta gama karatu. Siddiƙ kafinta ne a unguwar Kpakungu, har gadon ɗakinsu ya haɗa ya rufe da leda a bayan shago, yana jira. Yajin aiki ya ci nasa, cuta ta ci nata, yana nan yana jira.

Ya miƙo mata gorar ruwa, ta ture. Ta ƙi hawa babur ɗinsa, ta je ta bi layin bas.

Malamin da ke duba aikinta bai yi faɗa ba, shi ne ma abin da ya fi ƙona mata rai. Gilashinsa kawai ya cire ya murza ido, ya ce babu abin da za a auna, ta shirya wa wata daminar.

A cikin bas ƙawarta Dorothy, mai Hausar 'yan koyo, ta matso kusa da kunnenta.

"Ke, wa zai sani? Ki zauna ki rubuta abin da ya kamata ya fito. Kowa yana yi fa, abeg!"

"Ba zan iya ba, Dorothy."

"To ki zauna, za ka tsufa a Gidan Kwano."

Na'ima ta jingina kai da gilashi. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Ta gaji da sammakon neman mota, da cunkoson shataletalen Kpakungu, da karatu a ɗakin da injin niƙan maƙwabta ke girgizawa. Ta gaji da dawowa ta ɗora tukunya kafin ta cire takalmi. Tun rasuwar mahaifiyarta ita ce komai na gidan, ga Baba da ɓarin jikinsa ya shanye, aka raba shi da gonarsa ta Wushishi aka kawo shi ɗaki ɗaya a cikin gari. Abu ɗaya ke riƙe da ita, cewa bana za ta gama. Shi ma ga yadda ya ƙare, kuma a hannun wanda ta fi yarda da shi.

Da la'asar ta isa gida. Ta tarar da Baba a kan tabarma a ƙofar ɗaki, fuskarsa fal fara'a, irin wadda ta daɗe ba ta gani ba.

"Uwata! Kin je gonar?"

"Na je, Baba."

"To? Kin gani?" Ya gyara zama da hannunsa mai lafiya yana dariya kamar yaro. "Na ce wa Siddiƙ kada ya faɗa miki, sai kin gani da idonki!"

Ta matso kusa da shi.

"Me zan gani, Baba?"

"Masararki ta gefen gabas mana, mai yunwar nan! Ranar da zai je ɗaukar hoto na matsa masa sai da ya goya ni, na ce rabona da ƙamshin gona an jima. Ya nuna min hotonta tun kafin nan, shi ya sa na aika aka auno min ɗan taki na ƙulle a aljihu. Da ya tafi neman inuwar ajiye babur, sai na bi kunya-kunya da sandata..." Ya ɗaga hannun yana kallonsa. "Da wannan hannun ɗaya, Uwata. Ashe har yanzu ina da amfani!"

Ta tsaya kamar an dasa ta. Maganganun da ta yaɓa wa Siddiƙ da safe suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya, da yadda ya tsaya ya shanye su bai ce uffan ba.

"Ta yi kyau ko?"

"Ta yi kyau, Baba... ta fi duka kyau. Na gode."

Ta shige ɗaki da sauri ta toshe baki da hijabi don kada ya ji kukan. Da ta ɗan samu numfashi ta kira Siddiƙ a waya.

"Me ya sa ka ce kai ne?"

Ya ce, "Ba ki ga fuskarsa a hanyar dawowa ba, Na'ima. Waƙar noma yake yi a bayana har muka iso gida. Ni in kin yi fushi da ni, zan lallashe ki. Shi fa?"

"Ka yafe min, masoyina..."

"Ban riƙe ki ba. Gadon ma ba ruɓewa zai yi ba, katako mai kyau ne."

Ta yi dariya cikin hawaye. Suka yi alkawari Baba ba zai taɓa sani ba.

Sai dai sun manta da Dorothy. Washegari ta zo duba ƙawarta, tun daga zaure take surutu, ta durƙusa ta gaida Baba.

"Baba, ka yi wa surukinka faɗa o! Wurin da aka ce kar a sa taki, shi ya je ya sa. Da bakinsa ya ce shi ne. Yanzu Na'ima sai ya ƙara shekara guda!"

Na'ima ta fito da gudu da ludayi a hannu, amma magana ta riga ta fita.

Baba bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa a kan gwiwa.

"Da gangan aka bar ta da yunwa?"

"Baba, ba komai, wallahi ba komai..."

"Ki kira min Siddiƙ."

Ya zo da ƙurar katako a gashinsa, ya tsuguna nesa kaɗan. Baba ya dube shi, hawaye na bin gemunsa.

"Ɗana, ka ɗauki laifina ka ɗora a kanka, aka zage ka ka yi shiru. Ni na ce sai ta gama, ni kuma na hana ta gamawa. Ka je ka faɗa wa manyanka su zo. Ta ƙarasa karatun a ɗakinka."

"Baba!" Na'ima ta faɗa jikinsa tana kuka. "Wa zai kula da kai?"

"Da Baba za mu tare," in ji Siddiƙ. "Na gyara ɗakin waje tuntuni."

Dorothy ma share ido take da bakin gyalenta.

Baba ya dafa kan 'yarsa, sannan ya ja dogon numfashi.

"Abu ɗaya nake roƙo. In kun sake shuka baɗi, kada wanda ya kai ni gonar nan, ko na yi kuka. Don in na sake ganin ta da yunwa, Uwata, wallahi sai na sake zubawa."