Masu Shaidar Dodon Kududdufi

Da hantsin Talata aka kawo wa Sufeto Badruddeen rahoton gawa a bakin wani tsohon kududdufin haƙar kuza da ke bayan garin Jos. Mamacin sunansa Dachung, manomin kabeji da ke ban ruwa daga nan. Kafin Sufeto ya isa, labari ya karaɗe unguwa cewa dodon ruwa ne ya kashe shi.

Shekara ashirin da bakwai Sufeto yana wannan aiki, ya rubuta bayanin aljanu da mayu har hannunsa ya gaji. Ya zauna kan dutse, ya ce a kawo masu shaida ɗaya bayan ɗaya.

Fredrick, maƙwabcin gonar mamacin, shi ya fara. Ya ce da sassafe abin ya taso daga ruwa, baƙi wuluk, wuyansa kamar turmi, ya maka wa Dachung hannu a ƙeya. Ko sau ɗaya harshensa bai sarƙe ba.

Bala mai gyaran injin ban ruwa ya zo, shi ma ya ce baƙi wuluk, wuya kamar turmi. Haka Loyis mai sarin kabeji.

Sufeto ya jera takardun uku a cinyarsa yana murza ido. Ya san wanda ya ga abin tsoro da idonsa da labarin kansa yake farawa, inda yake tsaye, yadda ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Yakan manta, ya koma baya, ya gyara. Kuma mutum uku ba sa kallon wuya ɗaya dukansu su tuna turmi.

Ya sake kiran Loyis.

"Mama, me ke hannunki a lokacin?"

Ta dubi hannuwanta.

"Ta wane gefe kike tsaye?"

"Oga, gaskiya ni ban gani ba. Fredrick ne ya faɗa, na ji kowa yana faɗi."

Bala bai yi minti biyu ba shi ma ya amsa cewa a baki ya ji.

Da la'asar likita ya bugo waya, ya ce raunin ƙeyar na ƙarfe ne mai kaifi. Sufeto ya sa Fredrick ya kai shi daidai inda ya tsaya. Fredrick ya nuna gindin wata bishiyar gwaiba. Sufeto ya tsaya a wurin, tulin ƙasar haƙa ya tare kududdufin gaba ɗaya.

"Daga nan ka ƙare wa wuyansa kallo?"

Fredrick ya ce ya ɗan matsa gaba.

"Bayaninka shafi guda ne, duk na dodo. Kai babu kai a ciki. Ina shebur ɗinka?"

A cikin ciyawa aka samo shi, an wanke shi tas, sai jini da ya maƙale a gindin ƙota.

Fredrick ya zauna a ƙasa. Ya ce ruwa ya ja baya bana, wuri ɗaya ya rage da tiyo ke kaiwa, sati uku suna rigima a kansa alhali kabejinsa na ƙonewa. Dachung ya jefar masa da tiyo ya juya baya, shi kuma ya ɗaga shebur.

Sufeto ya rufe fayil, ya tambaye shi me ya sa ya ɗora wa dodo.

"Oga, na ɗauka shi ne ba wanda zai je ya tambaya."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi mota ta tsakiyar gonar mamacin.