Inda Jirgin Ke Ɓacewa

A wajen awon kaya na filin jirgi suka haɗu. Akwatinsa ya haura da kilo uku, ya durƙusa yana zaro littattafai yana cusawa a aljihun kwat har ya koma kamar buhu. Dariya ta kufce mata, ita mai awon, wadda abokan aikinta ke cewa sai an cike fom kafin a ga haƙorinta.

"'Yar Sikeli, a yi min sassauci mana."

"Sikeli bai san sassauci ba, Malam. Ina za ka?"

Da ya faɗi garin da yake koyarwa, sai dariyar ta ɗauke. Hanyar da Abbanta ya bi ke nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Jirginsu ya shiga sararin teku bai fita ba, ko takalminsa ba a samu ba. Har yau Umma tana wanke kofin shayinsa kowace safiya.

Duk da haka ta karɓi lambarsa. Wata takwas suna saƙo, ta raɗa masa Mai Nisa.

"Na duba, kilomita dubu tara da ɗari shida ne tsakaninmu," ya rubuto. "Awa goma sha biyu kacal, zuciyata. Kin sha sa ni jiran amsa fiye da haka."

Tana sonsa ƙwarai, tana kuma tsoron hanyar da ke kaiwa gare shi.

Umma ba ta ɓoye ba. "Yaron ba shi da aibu. Amma teku ya ci nawa guda, ba zan miƙa masa ke da hannuna ba. Ga ɗan ƙanwata nan, layi biyu tsakaninmu." Shi ɗan ƙanwar, doguwar tafiyarsa ita ce shagon aski.

Mai Nisa ya ce zai zo ya gaida Umma ko ba ta so. Ranar da ya taso, 'Yar Sikeli ta zauna a falo ta buɗe manhajar bin jirage a wayarta. Umma tana ninke kaya tana satar kallo. Ɗan jirgin yana rarrafe a kan taswira, da hantsi ya shiga shuɗin teku, sai ya ɓace.

"Umma, haka yake yi. Manhajar ba ta ganin tsakiyar teku, kullum ina faɗa wa masu jiran baƙi."

"Haka aka ce min wancan karon."

Umma ta zame ta zauna a ƙasa, daidai inda ta zauna ranar Abba. Awa huɗu tana nan zaune, leɓɓanta suna motsi. "Allah ka fito min da yaron nan."

Bayan azahar jirgin ya ɓullo a gaɓar teku. Da yamma saƙo ya shigo: "Na sauka, 'Yar Sikeli. Ki ce wa Umma ina tafe, ko korata za ta yi."

Umma ta share fuska da gefen mayafi. "Na ɗauka in na hana, na raba kaina da wannan tsoron. Ashe ya riga ya shigo gidan. Ce masa ya zo."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Ranar tafiya Umma ta raka su har filin jirgi, wurin da rabonta da shi tun rakiyar Abba. Ta riƙe hannayensu ta sa albarka, Allah ya tsallakar da su, ya zaunar da su lafiya. Sannan ta miƙa wa amarya wayarta.

"Sa min abin nan. Ki nuna min daidai inda za ku ɓace, don in san lokacin da zan fara addu'a."