Tsohuwar Hanya A Ƙarƙashin Ruwa

Tsoro ne ya fara haɗa su. Motar kamfanin yawon buɗe ido ta tsaya a gindin wani dutse a tsakiyar hamada, wata budurwa ma'aikaciyar kamfanin tana gaban baƙi tana nuna musu raƙuman dawa da mutanen da can suka zana tun wurin yana da ruwa da ciyawa. Aikinta ke nan, bayanin tarihi. Tana cikin magana sai sabon jagoran masu kallon tsuntsaye ya ɗaga hannu, ya ce a hankali, "Kada ki motsa."

Ba abin da ya zo ranta sai maciji. Ta sandare, gumi yana bin bayanta, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Can sai ta ga baƙin sun ɗaga madubin hangen nesa suna ta murmushi. Ashe wani ɗan tsuntsu ne mai launin yashi ya sauka a kan dutsen da ke bayanta.

Da tsuntsun ya tashi ta wanke shi tas a gaban kowa. Ya ba ta haƙuri yana danne dariya. A ranar ta raɗa masa suna Zalɓe, don dogo ne, kuma yana iya tsayuwa wuri ɗaya har mutum ya manta da shi. Shi kuma ya rama da Tsattsewa, don ba ta iya zama.

Daga hamada tafiyar takan gangara dausayi, daga dausayi ta ƙare a bakin teku. A dausayin ne ya lura da yadda take ƙanƙame gefen kwalekwale har yatsunta su yi fari. Da ya tambaya, ta gaya masa ba ta iya ruwa ba. Yayanta ruwa ne ya ci shi suna yara, tun daga nan Baba, mahaifinsu, bai ƙara barin ta ko kusa da kududdufi ba. Aikin nan ma da kuka ta same shi.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Tsattsewata, yau na ga gauraka, na ga dinya, na ga shamuwa. Amma idona ya fi daɗewa a kan wata da ta riƙe kwalekwale kamar za a ƙwace mata."

Ta mayar masa: "Zalɓe sarkin sa ido. Gobe ka zauna kusa da ni, in zan nutse in ja ka mu tafi tare."

Haka abin ya yi ta tafiya, tafiya bayan tafiya, har maganar aure ta kai ga Baba.

Baba mai gyaran agogo ne. Shagonsa ɗan ƙarami, bango cike da agogunan da kowanne ke faɗin nasa lokacin, ga gilashin ido ɗaya rataye a wuyansa. Ya karɓi lambar yaron, ya ce zai neme shi da kansa. Ya kira, waya a kashe. Ya sake kira bayan azahar, a kashe.

Zalɓe yana da doka, kuma kowa a kamfanin ya san ta. In za a shiga bukkar da ake ɓuya a kalli tsuntsaye, kowa zai kashe wayarsa ya jefa a jaka, tasa ce ta farko. Ko tari mutum ya yi sai ya sha harara. Ta yi wa Baba wannan bayanin, sai ya zama kamar ta zuba wa wuta fetur.

"Mutumin da yake kashe waya don kada tsuntsu ya firgita," in ji Baba, "shi zan ba wa 'ya ɗaya da ta rage min? In wani abu ya same ki, wa za ki kira?"

Ya nuna mata kantin magani da ke kallon shagonsa. Mai kantin ya daɗe yana kawo gaisuwa, yaro ne natsattse, kuma wayarsa ba ta gama ƙarar farko yake ɗagawa. Ta san Baba ba mugunta yake yi ba, tsoro ne yake cin sa.

A tafiyar da ta biyo baya, da safiyar da suka kwana a bakin teku, Baba ya kira ya ce mai magani zai turo manyansa. Nan take ta rubuta wa Zalɓe: "Baba ya ba wa mai magani dama. In har yanzu kana nan a kan bakanka, ka ce min kana nan. Abin da nake son ji ke nan kawai."

Shiru. Ta san dokarsa sarai, ta san tun asuba ya kwashi baƙi sun shiga bukka. Amma zuciya in ta tsorata ba ta jin bayani. Ta ce a ranta ya gani, ya zaɓi tsuntsayensa. Ta yafa jan gyalenta, ta ɗauki kyamara, ta nufi kufan tsohuwar tashar jiragen ruwa, wanda ba a isa gare shi sai teku ta janye. Kullum da rakiya take zuwa. Ran nan ita kaɗai ta tafi, iska tana bugowa daga teku, ba ta ko kula ba.

A bukka kuwa, abin da baƙin suka ƙetaro ƙasashe dominsa ya sauka. Ɗan tsuntsu ne mai faffaɗan baki, wasunsu sun yi shekaru suna neman ganinsa. Kowa ya riƙe numfashi, wata tsohuwa har hawaye take yi. Sai Zalɓe ya hango can nesa tsuntsayen bakin ruwa sun tashi gaba ɗaya, baƙi ƙirin kamar hayaƙi, sun yo tudu. Ba sa yin haka sai ruwa ya koro su, kuma lokacin dawowar ruwa bai yi ba. Iska ce ta turo shi da wuri.

Ya juya madubinsa ya bi laka da kallo, kamar yadda ya saba, ko akwai wani a waje. A kan bangon kufai ya ga jan gyale, ruwa ya zagaye shi.

Mutumin da ko tari ba ya yafewa, shi ne ya banke ƙofar bukka yana ƙwala kiran sunanta. Ɗan tsuntsun ya yi sama. Bai waiwaya ba.

Ita kuwa tun ɗazu ta kira wayarsa har ta gaji. Ta rubuta: "Ruwa ya tare hanya. Ina jin tsoro, Zalɓe." Daga nan ta kira Baba. Ya ɗaga nan take, ta kasa cewa komai sai "Baba, ruwa." Yana kiran sunanta, yana tambayar inda take, ta cusa wayar a aljihun rigarta ba ta kashe ba, don ta kama dutse da hannu biyu. Ta ɗaga kai ta ga gansakuka a jikin bangon, sama da tsayinta. Ta gane inda ruwan yake kaiwa, ta tuna yayanta.

Zalɓe ya iso, ruwa har ƙirji, takalmi ɗaya laka ta cinye. Hanyar da ya biyo ta riga ta zama kogi, shi kaɗai ma da ƙyar, balle da wadda ba ta iya ruwa ba. Ta ga tsoro a fuskarsa, abin da ba ta taɓa gani ba, sai nata ya ninku.

"Kada ki motsa," ya ce. Ya ɗaga madubi yana dube-dube. Can ya nuna mata wasu zalɓe da suka jeru a layi daga bayan kufan har tudu. "Dubi ƙafafunsu. Ruwan ko gwiwarsu bai kai ba. Me ke ƙarƙashinsu?"

Ta duba, sai abin da take faɗa wa baƙi kullum ya dawo mata. Mutanen tashar sun ɗaga hanyar dutse don amalanken kaya, laka ce ta rufe ta.

"Tsohuwar hanya ce," ta ce. "Amma siririya ce. In muka kauce…"

"Riƙe rigata. Inda na taka, nan za ki taka. Kada ki kalli ruwan, ki kalli ƙeyata, ai kin ce ta yi tsawo."

Suka shiga. Ruwan yana jan ƙafafunta, duwatsun suna santsi. Sau ɗaya ta zame, ruwa ya kai mata ƙugu, ta saki ƙara, ya fizgo ta. Tana kuka tana lissafo masa yadda aka jera duwatsun, inda hanyar za ta karkata, shi kuma yana laluba da ƙafa. Duk zalɓen da suka isa wurinsa sai ya tashi ya ba su hanya. Da ƙafarta ta taɓa busasshen yashi ta zube a ƙasa. Sai a lokacin suka ji wata ƙaramar murya daga aljihunta tana ta salati. Baba ne, bai kashe ba.

Bayan sun koma gida Baba ya aika a kira shi. Zalɓe ya durƙusa a tsakanin agogunan, ya fi tsorata da ranar ruwan. Baƙin sun kai ƙararsa don ya kore musu tsuntsun, kamfani ya dakatar da shi.

"Wayarka a kashe take," in ji Baba. "Ta yaya ka sani?"

"Tsuntsaye ne suka tashi, Baba. In sun tashi haka nakan duba ko akwai mutum a waje."

Baba ya daɗe yana juya wani agogo a hannunsa. "Ni na ɗaga wayarta a ƙarar farko," ya ce. "Ina zaune a nan ina jin ruwa yana neman cinye min 'ya kamar yadda ya cinye yayanta, ban iya komai ba." Ya share ido da bayan hannu. "Je ka turo manyanka. Amma wayar nan, ka bar ta a kunne, ka rufe mata baki kawai."

Mai magani ya janye cikin mutunci. Tsohuwar nan mai hawaye ita ta rubuta wa kamfani har aka mayar da Zalɓe aiki, ta ce tsuntsu zai dawo baɗi.

Ranar ɗaurin aure, ƙawaye sun cika ɗaki, wayar amarya ta yi ƙara. Amsar saƙonta na safiyar ranar ruwan ce da bai taɓa mayarwa ba: "Tsattsewata, na makara, ki yafe min. Ina nan."

Ta kifa wayar a ƙirjinta tana dariya tana kuka. A ƙofar gida kuwa Baba ya riƙe hannun angon ya ƙi saki, yana cewa Allah ya ba su zaman lafiya, Allah ya tsare masa su a tudu da ruwa. Jama'a suka amsa da amin.