Tabon Cikin Ƙwan Lyon

Ana dab da magariba Illo ya dawo gidansu a Sevran daga Lyon, rungume da kwali kamar mai ɗauke da jariri. Matarsa Mariama ta dube shi ta ja tsaki. Mutumin kirki ne, mai gyaran wutar jiragen ƙasa, amma ciwonsa ɗaya a duniya: tsofaffin ƙwayayen lantarki. Ya cika kabad da su, ko ƙura ba ya yarda wani ya goge.

Ƙwan da ke cikin kwalin nan kuwa a ƙarƙashin wani tsohon gidan masaƙan alharini aka tono shi. Illo ya kira 'yarsu Raliatou, budurwa mai shirin jarrabawar bak ta gama sakandare, yana nuna mata. Tsinin da ke kansa, ta nan aka zuƙe iskar ciki aka liƙe gilashin. Baƙin zaren da ya lanƙwasa ba ƙarfe ba ne, auduga ce aka ƙona ta zama gawayi. In wuta ta bi ta cikinsa sai ya yi jajir, kuma ba ya cinyewa tunda babu iska. Yarinyar ta tambayi baƙin tabon da ke gefen gilashin. Ya ce hayaƙin gawayi ne, duk tsofaffi suna da shi. Bai rufe baki ba tabon ya matsa. Ya gani sarai, amma ya ce wa ransa gajiyar hanya ce.

Irin wannan ƙwai wutar zamanin da ya sani, rabin ƙarfin ta yau, a hankali ake ɗaga masa ita. Illo ya fi kowa sanin haka. Amma zumuɗi! Mariama na cewa ya bari a yi salla, ya jona shi kai tsaye, ko bisimilla babu. Haske ya tashi fari fat, wani abu ya tsala ihu mai ɗaga tsigar jiki, zaren ya tsinke.

Daga ranar gidan bai sake zaunuwa ba. Rana na faɗuwa tsakuwa za ta fara dukan taga, alhali can ƙololuwar bene suke. Fitilun falo su fashe a kan tuwo. Sannan abin ya faɗa wa Raliatou. Ta ɗaga uwarta ta maka da firij har haƙori ya fita. Aka same ta a gaban kabad tana tauna gilashi, jini na bin haɓarta. Wani baƙi ya fara yaɗuwa a farin idonta, ganinta kullum raguwa yake, likitoci suka duba ba su ga komai ba.

Illo ya je La Courneuve ya ɗauko Malam Bukari, dattijo ɗan Damagaram mai ruƙiya. Tun a jirgin ƙasa Malam ya ja masa kunne: duk abin da zai ji kada ya tanka wa aljan, magana tasa ce shi kaɗai. Maƙwabta suka danne yarinyar, ya fara karatu. Can sai muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin Raliatou, a shaƙe, a sannu.

"Ɗana na kwance inda babu iska, babu numfashin ɗan Adam. Wancan ya gan shi. Ya gan shi, ya kunna."

Malam ya waigo. Illo ya sunkuyar da kai, kunya da tsoro suka rufe shi.

Tsohuwar ta ce hasken ya makantar da ɗanta, ido take so. Malam ya ce yarinya ba ta yi mata komai ba, ta ji tsoron Allah. Ya yi mata alkawarin ƙwai mafi kyau a kabad ɗin, su shiga ciki ita da ɗanta, a mai da su Lyon, a ajiye a duhu, har abada ba mai kunnawa. Da alama za ta karɓa. Sai hannun Raliatou ya fizge, ya watsar da ƙattan nan, ya damƙi guntun gilashi, ya nufi idonta.

Illo ya manta da jan kunne. "Ni na kunna. Ɗauki nawa."

Malam ya saki salati. Tsohuwar ta yi dariya ƙasa-ƙasa, yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, gilashin ya faɗi.

Can sai Illo ya ji muryar 'yarsa, tata ta gaskiya, tana tambayar uwarta jinin mene ne wannan a rigarta. Tana gani ke nan. Ya yi hamdala, hawaye na zuba, ya ce Mariama ta kunna fitila ya ga fuskar yarinyar.

Ba wanda ya motsa. Sai a lokacin ya ji ɗumin fitilar tebur a kumatunsa, ashe tun ɗazu a kunne take.